Fentin Jita a Tsakar Gida

(Kiɗan buɗe shiri. A sassauta shi.)

Jama'a masu saurarenmu a Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, da na Kabo da Garo da Gude da Durun, da duk inda muryarmu ta kai, shirin yau na masu aikin hannu ne. Za mu tattauna yadda mutum zai sabunta fentin jitar lantarki a gida, ta dawo tana ɗaukar ido, bai lalata kayan ba, bai kuma lalata ƙirjinsa ba.

Na san wani dattijo zai ce, "Mu ina ruwanmu da jita?" Baba, a yi haƙuri, kada a kashe rediyon. Katako dai katako ne. Abin da zan faɗa shi ne abin da kafinta ke bukata ranar da zai fesa gadon amarya da durowarta, shi ne abin da maigida ke bukata in zai gyara ƙofar zaure. Na zaɓi jita ne saboda ta fi komai tona asirin mai fenti. Ƙarama ce, a hannu ake riƙe ta, ido yana kanta, gumi yana zuba mata, duk ɗan kuskure sai ya fito fili. Wanda ya iya fentin jita, kujera ba za ta gagare shi ba.

Kayan kiɗa masu tsirkiya ba baƙi ba ne a wurinmu. Muna da garaya da molo da gurmi da goge da kukuma. Marigayi Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna, Garba Supa da kukuma, shi kuwa Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya. Waɗannan kaya ba su san feshi ba. Yawanci ƙwarya ce da fata da itace, sheƙinsu kuma na hannu ne, shekara da shekaru ana riƙewa ana shafawa. Jitar lantarki daga baya ta zo, ta hannun ƙungiyoyin kiɗa na birane irin ta marigayi Bala Miller, da majami'u, da kuma maƙwabtanmu na Nijar, inda ta samu gindin zama a wajen Abzinawa. Masu bin kiɗan Agadas sun san Bombino. Sun kuma san Mdou Moctar, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, faifansa na farko kuma, mai suna Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. Yau har Amurka da Turai ake gayyatarsa wasa. Na kawo shi ne don matashin da ya samo tsohuwar jita ta gwanjo, duk ta ƙoƙe ta ɓanɓare, ya daina jin kunyarta. Abin da ke hannunka ya fi abin da shi ya fara da shi.

To mene ne a jikin jita da yake sa ta wannan sheƙi? Fentin mota ne, ba wani abu ba. A farkon shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda ake yi da audugar da aka sarrafa da asid, masu sana'ar na kiransa naitiro. Kamfanin General Motors ya fara fesa shi a motarsa Oakland ta 1924. Kafin nan mota sai ta yi makonni a masana'anta ana jiran fentinta ya bushe, wannan kuwa cikin sa'o'i yake kamawa. Da Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fara ƙera jitarsa ta dunƙulen katako a 1950, ya kuma fito da Stratocaster a 1954, fentin motocin nan kamfaninsa ya riƙa saye. Ja da shuɗin da ake gani a tsofaffin jitocin Fender launukan motoci ne irin su Ford da Cadillac. Wajen ƙarshen shekarun 1960 sai kamfanin ya koma wani fenti mai kauri da tauri, dangin roba, wanda ake kira poli. Shi kuwa kamfanin Gibson har yau naitiro yake fesa wa jitocin da yake ƙerawa a Amurka. Saboda haka wanda ya je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano ya sayo fentin mota don jitarsa bai kauce hanya ba.

Sanin wane iri ne a jikin taka shi ne matakin farko. Ka nemi wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin farantin robar da ke rufe wayoyi, ka ɗiga tina ɗigo ɗaya, ka ɗan jira. In wurin ya yi laushi ya fara danƙo, naitiro ne. In ko gezau bai yi ba, poli ne. Kusan duk jitoci masu rahusa da ake shigo da su daga Sin da Indonesiya poli ne.

Kafin ka taɓa sanfefa kuma, ka dubi kan jitar, inda aka rubuta sunan kamfani da lambarta. Cikin kayan gwanjo akan yi dace. In har tsohuwar Fender ce ko Gibson ta asali, ƙirar Amurka, to ka ajiye maganar fenti gaba ɗaya. Masu sayen irin waɗannan tsohon fentin suke so, da ƙarcensa da dusashewarsa, kuma da zarar an sake mata fenti kuɗinta ya faɗi warwas, sau da yawa kusan rabi. Ka goge ta da tsumma mai laushi ka bar ta yadda take. Amma in ta yau da kullum ce, to bismillah.

Yanzu mu zo kan abin da littattafan Turawa da bidiyoyin intanet ba za su gaya maka ba, domin su ba a Gwarzo suke zaune ba. Yanayin garinmu shi ne babban mai yanke hukunci a wannan aiki, ya fi tsadar fentin da ka saya, ya fi kyan bindigar feshinka.

Ɗauki damina, musamman lokacin marka a watan Agusta. Iska cike take da laima. In ka fesa man sheƙi, wato hawan ƙarshe marar launi, tinar da ke cikinsa takan tashi da sauri ta sanyaya fuskar katakon, sai raɓa ta sauka a kai, man ya rufe ta a ciki. Da safe ka zo ka tarar baƙin fentinka ya yi hazo-hazo, ya dushe, ka rasa abin da ya faru. Ba mai shago ne ya cuce ka ba, ruwa ne ya maƙale a ciki. Ɗauki hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Laima ta tafi, amma ga ƙura. Duk wanda ya taɓa share ɗaki da safe ya dawo da la'asar ya rubuta sunansa da yatsa a kan tebur ya san abin da nake nufi. Ɗanyen fenti kuwa ba ya yafe ƙura, ƙwaya ɗaya ta sauka ta zauna ke nan. Ga shi da sanyin safiya gwangwanin feshi ba ya da ƙarfi, sai ya riƙa tofi maimakon feshi. Ɗauki bazara, Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Nan kuma fentin tun a iska yake bushewa kafin ya isa katakon, sai ya sauka garas-garas, fuskar ta fito gurzum-gurzum kamar ɓawon lemo.

A ganina babu lokacin da ya kai kaka, wato daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin iskar hunturu ta kankama. Ƙasa ba ta gama bushewa ba balle ta tashi, ciyawa na nan ta danne ƙura, laima ta ragu, zafi bai yi tsanani ba. A cikin yini kuma, ka bari hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe, ka yi aikinka a inuwa, ka tsaya kafin azahar. In dole ta sa sai ka yi a hunturu, ka zaɓi ranar da gari ya yi wasai babu iska, ka yayyafa ruwa a ƙasa ko'ina kewaye da kai, ka tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi na 'yan mintoci. Ruwa mai ɗumi na ce, wanda hannu zai iya zama a ciki. Kada ka kusantar da gwangwanin feshi da wuta ko da wasa, fashewa yake yi. Da ka gama fesawa kuma, ka rataye jitar a cikin tsohon gidan sauro mai tsabta, a rumfa mai iska. Gidan sauro yana tare ƙuda da ƙananan ƙwari da tsinkayen da iska ke kwasowa, yana kuma barin tururin ya fita.

Sai dai kaka tana da nata haɗarin, kuma shi ne ya kawo ni maganar da ta fi damuna a shirin yau. Kaka lokacin shanya ne. Tsakar gida cike take da dawa da masara da gyaɗa da barkono da kuɓewa, yara suna wasa a tsakani. Wannan ba wurin goge tsohon fenti ba ne, ba kuma wurin feshi ba ne.

Kwanakin baya na tsaya a bakin titi gaban wani wurin fentin babura da A Daidaita Sahu, a ƙarƙashin darbejiya. Yaron shagon, da ƙyar in ya kai shekara 15, shi ke riƙe da bindigar feshi. Ya ɗaure hancinsa da tsohuwar singileti. Da ya kwance ta zai amsa gaisuwata, sai na ga gashin hancinsa da girarsa duk sun rine sun koma ruwan ɗorawa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Na ce, "Samari, kanka ba ya ciwo?" Ya ce, "Yana yi, Malam, amma in mun tashi maigida yana saya mana madara." Na daɗe ina jin wannan magana ta madara a bakin masu fenti da masu walda, kuma na san iyayen gidan da ke sayenta da kyakkyawar niyya suke yi. Amma gaskiya ɗaya ce. Madara abinci ce mai kyau, a sha, sai dai ciki take zuwa. Tururin tina kuwa huhu yake shiga, daga huhu ya wuce jini, ya kai ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Ba sa ma haɗuwa a hanya. Sinadarin toluwin da ke cikin tina shi ne dai wanda ke cikin sholishon da muke kuka da shi yana haukata mana yara. Wanda ya yini yana shaƙarsa don neman halaliyarsa, jikinsa bai san bambanci ba.

Tsumma ko rawani ko takunkumin da muka saba da shi lokacin korona, duk suna iya rage ƙura, amma tururi ratsa su yake yi. Takunkumin da ke aiki shi ne na roba mai gwangwani biyu a gefe, masu ɗauke da gawayi na musamman a ciki. In ka sa shi ka ci gaba da jin warin tina, to ko bai kama fuskarka ba, ko gawayin ya ƙoshi sai an canza. In ka gama ka ƙulle shi a leda, don gawayin ba ya daina zuƙa ko a rataye yake. Mai cikakken gemu kuma ya sani, irin wannan takunkumi ba ya manne masa sosai, iska na sulalewa ta gefe, saboda haka shi ya fi kowa bukatar fili mai iska, ko kuma ya bi hanyar shafawa da hannu wadda zan faɗa nan gaba.

Akwai fentin mota na zamani da ake haɗa shi da wani ruwa mai sa tauri kafin a fesa, masu sana'ar na kiransa tu-ke. Yana da kyau, yana da ƙarko, amma a cikin ruwan taurin nan akwai sinadarin aisosayanet, wanda ke iya sa wa mutum asma ta har abada. Wannan ba na tsakar gida ba ne, ka bar shi. Haka nan ruwan ɓare fenti mai ƙarfin nan mai ɗauke da metilin kulorayid. A Amurka hukumar kare muhalli ta hana sayar da shi ga masu aikin gida tun 2019, bayan ya kashe mutanen da suka yi aiki da shi a rufaffen wuri.

Sai dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma. Can duwatsun zinariya ne ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Tsohon fenti ma, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo masu haske, wani yana da dalma a ciki, kuma ido ba ya ganewa. In ka goge shi a bushe, ƙura ya zama, hanyar kuma ita ce dai waccan. Yaro ƙarami da mace mai ciki su suka fi cutuwa, kuma illar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Don haka ka fita bayan gida, nesa da shanya da madafa da rijiya. Ka jiƙa sanfefar da ruwa don ƙura ta kwanta. Ka shimfiɗa leda ka tattara dattin. Ka wanke hannu da sabulu, ka canza riga kafin ka ɗauki ɗanka.

Wuta kuma, tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi har ya isa murhu ko risho ko janareto ko guntun sigari, sai wutar ta biyo shi ta dawo inda kake. Kuma don Allah kada a zuba tina a robar lemo ko ta ruwan sha. Fara ce tas, yaro mai ƙishi ba zai tsaya tambaya ba.

(Gajeren kiɗa.)

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan sabunta fentin jita da sauran kayan katako a gida. Mu shiga aikin kansa.

Ka ɗauki waya ka yi wa jitar hoto ta ko'ina, musamman wayoyin ciki, kafin ka kwance komai. Ka cire tsirkiyoyi, ka cire ƙarfen da suke hawa, wato jaki, ka cire maganaɗisun da ke ɗaukar sauti da maɓallan ƙara. Yawancin jitoci wuyansu da sukurori 4 aka ɗaure shi ta baya, ka kwance ka ajiye shi gefe. Sukurorin kowane wuri ka ƙulle su a ledarsu daban. Ramin da wuyan ke zama ka rufe shi da salatif ɗin takarda, domin in fenti ya taru a nan wuyan ba zai koma daidai ba. Sannan ka samu siririn katako mai tsawon kamu ɗaya ka ɗaure shi a ramin da sukurori biyu. Shi ne mariƙinka, da shi za ka juya ta, da shi za ka rataye ta.

In fentinta poli ne kuma bai ɗaɗɗago ba, kada ka wahalar da kanka wajen ɓare shi. Ka samu shimfiɗa a kyauta. Sau da yawa ma katakon da ke ƙasa guntaye ne aka liƙa, ba abin nunawa ba ne. Ka goge shi da sanfefa mai lamba 220, sannan 320, har sai ba sauran wurin da ke sheƙi. Sanfefar ka naɗe ta a ɗan katako mai shafaffen ciki. In da yatsu ka riƙe ta, za su haƙa kwari-kwari waɗanda ba za ka gani ba sai ranar da sheƙi ya hau. Inda ya fashe ko ya lotsa ka cike da filar masu gyaran mota, ta bushe, ka goge ta daidaita. Ka rufe ido ka shafa da tafin hannu. Abin da hannu ya ji, fenti ba zai ɓoye shi ba, ƙara fito da shi zai yi.

In kuwa har ka kai ga tsiraicin katako, ka bi jijiyarsa wajen guga, kada ka ratsa ta, daga lamba 120 zuwa 180 zuwa 220. Wani katakon yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa. Maɗacinmu haka yake, kuma ɗan'uwa ne ga katakon mahogani da ake ƙera jitoci masu tsada da shi. Irin wannan sai an cike ƙofofin an shafa sila, in ba haka ba sai ya yi ta shanye fenti, bayan wata guda ka ga fuskar ta yi ɗigo-ɗigo.

Fenti hawa uku ne. Akwai na shimfiɗa, wanda masu fentin mota ke kira firaima, sai mai launi, sai man sheƙi marar launi a sama. Dukkansu su zama dangi ɗaya, in da hali na kamfani ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shafa fentin mai irin na ƙofa da taga, sannan ya fesa naitiro a kai. Nan take tinar sama za ta cinye na ƙasa, ya yamutse ya tattare, aikin mako ya tashi a banza. Ka gwada dukkan ukun a wani guntun katako tukuna.

Wajen fesawa, tsakanin bakin gwangwani da katako ya zama kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. Ka fara danna kan tun kafin hannunka ya iso jitar, ka wuce a miƙe da sauri ɗaya, kada ka saki sai ka fita ɗaya gefen. Layi na biyu ya hau rabin na farko. Ka fara da gefuna, sannan baya, sannan gaba. Hawa na farko zai fito shara-shara, kana hango abin da ke ƙasa, zuciyarka za ta ce ƙara. Kada ka ƙara. Sauri kan haifi nawa, kuma a nan ne yake haihuwa, domin fenti mai kauri zubowa yake yi ya yi hawaye. In hakan ta faru kada ka sa tsumma ko yatsa. Ka bar shi kwana biyu ya yi tauri, ka goge wurin ya kwanta, ka sake fesawa. Tsakanin hawa da hawa ka ba da kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, kuma kada ka wuce hawa 3 a yini. Firaima hawa 2 ko 3, ka goge ta da lamba 400. Launi har sai ya rufe. Man sheƙi na gwangwani kuwa yana bukatar kamar hawa 10 marasa kauri, cikin kwana 4, domin daga baya za ka goge wani ka rage. In launin mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne, kada sanfefa ta taɓa shi kafin man sheƙi ya hau.

Daga nan sai jira, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Washegari za ka taɓa ka ji ya bushe. Sama ce kawai ta bushe, ciki da sauran tina, kuma a hankali take fita, fentin yana ƙara tsukewa yana tauri. Naitiro yana son mako 3 zuwa 4 a rataye. Abokai za su dame ka, wataƙila ga biki ya matso an gayyace ku wasa. Ka ari ta wani ka je. In ka ɗaura ƙarafa a kan ɗanyen fenti nutsewa za su yi, in ka kwantar da ita a kan zane sai saƙar zanen ta fito a bayanta. Yadda za ka gane ta nuna, ka kai hancinka ramin wuyan. Muddin kana jin warin tina, da saura. Ka kuma danna farce a wurin da farantin roba zai rufe. In ya bar alama, ka mayar da ita gidan sauronta.

Ranar da ta nuna, ka toshe ramukan sukurori da kakin kyandir, don in ruwa ya shiga katakon zai kumbura ya tsaga fentin. Ka jiƙa sanfefar ruwa a kwano da ɗan sabulu, ka fara da lamba 800, sai 1000, sai 1500, sai 2000, a hankali, ba dannawa. Sheƙin zai ɓace gaba ɗaya, kada gabanka ya faɗi, haka ake so. Kana gogewa kana sharewa kana dubawa a haske, duk ɗan ɗigon da ke ƙyalli kwari ne da bai daidaita ba. Gefuna da kusurwoyi ka bi su da tsoro, don a nan fenti ya fi sirantaka. In ka ga ruwan da ke kan sanfefar ya fara ɗaukar launin jitar, tsaya cak, ka huda man sheƙin, sai an ƙara fesawa. Bayan 2000 sai ka samo man gogen da masu fentin mota ke amfani da shi, ka ɗiba kaɗan a tsohuwar rigar auduga mai laushi, ka yi ta murzawa a zagaye. Hannu zai gaji, amma a gabanka za ka ga fuskarka tana fitowa a jikin katakon.

Wanda ba shi da takunkumin kirki, ko gidansu ba fili, akwai hanyar da tsofaffin kafintoci suka sani tun kafin zuwan kwamfuresa. Shalak ne, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana sayar da shi ɓare-ɓare, a jiƙa shi a sifirit. Ka ƙunsa auduga a farin ƙyalle, ka tsoma, ka riƙa shafawa siriri-siriri. Cikin mintoci yake bushewa, ba feshi balle ya cika unguwa, ko da yake shi ma sifirit yana kama wuta. Ba zai ba ka jan mota ba, amma a kan maɗaci yana fito da jijiyar katako da wani ja mai zurfi da ni dai ya fi burge ni. Wata dabarar kuma, ka yi duk aikin guga da cikewa da kanka, wanda shi ne mai cin lokaci, sannan ka hau mota ka bi ta Rimin Gado ka kai wa ƙwararren mai fentin mota a Kano ya fesa maka ranar da yake fesa irin launin da kake so. In ka lissafa kuɗin gwangwanaye da takunkumi, sau da yawa wannan ya fi sauƙi.

Ana yawan musu kan ko fenti yana canza sautin jita. A ta lantarki mai dunƙulen katako, sautin daga tsirkiya da maganaɗisu da amfilifaya yake fitowa, rabon fenti a ciki kaɗan ne ƙwarai. Amma jita mai rami a ciki, wadda jikinta ne ke amsa amo, fenti mai kauri yana danne mata murya. Garaya da gurmi da goge kuwa, kada a kuskura a fesa wa fatarsu komai.

Wajen mayar da kaya, ka buɗe hotunan da ka ɗauka. Ka share bakin kowane rami da hannu kafin ka sa sukuru, ka ɗaura a hankali don kada fentin ya tsage. Akwai wata siririyar waya da ke zuwa ƙarƙashin jaki, kada ka manta da ita, in ba haka ba da ka jona sifika za ka ji tana gurnani. Bayan haka, in naitiro ka fesa ko shalak, ka nisanta ta da turare da maganin sauro na feshi, suna narkar da shi. Kada ka jingina ta a kujerar leda ko roba na tsawon lokaci, kada ka bar ta a rana ko a cikin rufaffiyar mota. In ka gama kiɗa ka share gumin da busasshen tsumma kafin ka mayar da ita jaka.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wayoyin cikin jita da yadda ake kama su da soda.

(Kiɗan rufe shiri.)